UPS, ECC ko Faifai Mai Kafasita: Wanne Zai Ceci Aikinka Idan Kwamfuta Ta Durƙushe?

Duk abin da ake bugawa a kwamfuta, lissafin shagon magani ne, ko sakamakon jarrabawar ɗalibai, ko rajistar marasa lafiya, ba ya zarcewa faifan ajiya kai tsaye. Sai ya fara yada zango a RAM, wato ƙwaƙwalwar wucin gadi. RAM tana da sauri ƙwarai, amma ba ta riƙe komai sai da wuta. Kowane bit a cikinta, wato ƙwayar bayani ta 0 ko 1, ɗan caji ne da ke zurarewa a hankali, shi ya sa ake ta sabunta shi ba hutu. A nau'in RAM da ake kira DDR4, kowane layi sai an sabunta shi cikin milisakan 64. Wuta na yankewa, abin da ke ciki ya kama hanyar gushewa.

Babbar manhajar kwamfuta, irin Windows ko Linux, ta san da haka, amma da gangan take jinkirta rubutu zuwa faifai, don faifai yana da nawa. A Linux, bisa saitin da yake zuwa da shi, bayani kan iya zama a RAM har sakan 30 kafin a tura shi. Tamkar mai shago ne da ke riƙe bashin mutane a ka, yana cewa sai kasuwa ta lafa zai rubuta a littafi: ciniki na tafiya da sauri, amma in wani abu ya same shi kafin ya ɗauki biro, lissafin ya tafi. Duk dabarun da za mu gwada a nan ƙoƙari ne na toshe wannan tazara, ko kuma na tabbatar da cewa abin da aka riƙe ɗin bai gurɓata ba.

Abin da ke ɓatar da masu sayen kayan aiki shi ne ɗaukar “kwamfuta ta mutu” a matsayin cuta guda. Cututtuka uku ne, kuma babu magani guda da ke yi wa dukansu. Akwai ɗaukewar wuta. Akwai durƙushewar babbar manhaja alhali wuta na nan daram, irin shuɗin allon Windows ko sandarewar Linux. Akwai kuma wadda ta fi wuyar ganewa, RAM ɗin kanta ta yi ƙarya: an ajiye 0 ta dawo da 1, kuma babu abin da ya tsaya. Kafin mutum ya ciro kuɗi, ya kamata ya san wacce a cikin ukun ce ke addabarsa.

A ƙasashenmu ta farkon ce ke kan gaba nesa ba kusa ba, don haka da UPS za mu fara, wato akwatin batir da ke riƙe kwamfuta idan wuta ta ɗauke. Akwatin wutar kwamfutar tebur, bisa ƙa'idar ƙera shi da ake kira ATX, yana iya riƙe ta na kimanin milisakan 16 bayan yankewar wuta. Aikin UPS shi ne ya karɓi ragama kafin wannan ɗan lokaci ya ƙare. Masu araha, waɗanda ke zaune suna jira sai wuta ta tafi su juya kan batir, sukan yi juyin cikin milisakan kaɗan, kuma ga yawancin kwamfutoci hakan ya wadatar. Masu tsadar, da ke ciyar da kwamfuta ta hanyar inbatarsu a kowane lokaci, ba su da juyi sam, kuma sun fi jure wutar janareta mai hawa da sauka. Ƙaramin UPS kan ƙi amincewa da wutar ƙaramin janareta, ya koma kan batir har ya zuƙe shi alhali injin yana ta ruri a waje. Inbatar gida kuma sai an duba ta: wasu juyinsu ya yi nawa ga kwamfuta, fanka ba za ta ji ba amma kwamfuta za ta sake tashi. Da yawansu suna da saitin UPS da ke gajarta juyin, kuma shi ya kamata a kunna.

Abubuwa biyu ne ke sa UPS ya zama ado kawai. Na farko rashin haɗa wayar USB tsakaninsa da kwamfuta. In ba wayar, UPS zai yi ta ƙara da tsakar dare, batir ya ƙare, kwamfuta ta faɗi kamar babu shi. An gudu ba a tsira ba. In an haɗa, Windows kan gan shi a matsayin batir, sai a saita ta rufe kanta idan caji ya sauka zuwa wani mataki. A Linux akwai manhajojin NUT da apcupsd masu yin wannan aiki kyauta. Na biyu zafi. Shekarun da ake rubutawa a jikin batirin dalma an auna su ne a zafin digiri 20 zuwa 25, kuma duk ƙarin kimanin digiri 10 yana rage rayuwarsa da rabi. Wanda ya ajiye UPS a ɗakin da ba iska a Sakkwato ko Maraɗi cikin watan Afrilu kada ya yi tsammanin batir zai kai abin da kamfani ya faɗa. Ga ƙaramin ofis, ni na fi son laftof mai lafiyayyen batir a kan kwamfutar tebur da rubabben UPS, domin batirin laftof a jikinta yake, babu juyi, kuma tana rufe kanta ba tare da an saita wani abu mai wahala ba.

Sai dai UPS bai san komai ba game da cuta ta biyu. Ranar 19 ga Yuli 2024 wani sabuntawa mai kuskure daga kamfanin CrowdStrike ya jefa kwamfutocin Windows cikin shuɗin allo a faɗin duniya. Microsoft ya ƙiyasta na'urori miliyan 8.5 ne abin ya shafa. Filayen jiragen sama da bankuna da asibitocin da suka tsaya ran nan ba wuta suka rasa ba. Direba guda mai kuskure, wato ƙaramar manhajar da ke aiki a zuciyar babbar manhaja, ya isa ya tsayar da komai, kuma abin da ke RAM bai kai faifai ba ya salwanta.

Maganin da ke aiki a kan cuta ta farko da ta biyu gaba ɗaya, kuma ba a biyan ko sisi, shi ne tilasta wa manhaja ta rubuta abu mai muhimmanci zuwa faifai kafin ta ce an gama. Rumbunan bayanai na kirki, wato manhajojin da ke adana bayanai a tsare, haka suke yi: kafin su taɓa ainihin teburin bayanan, sai su rubuta abin da za su yi a wani littafin jeri, su nemi faifai ya tabbatar ya karɓa, sannan su amsa wa mai amfani. In an faɗi a tsakiya, da an tashi sai a karanta littafin a ƙarasa ko a warware. A rumbun MySQL saitin innodb_flush_log_at_trx_commit yana zuwa a kan 1, ma'ana kowane ciniki sai ya sauka a faifai. Wasu masu girka manhaja sukan mayar da shi 2 ko 0 don a ga sauri, kuma da wannan an yarda a rasa kimanin sakan guda na aiki idan injin ya faɗi. A PostgreSQL, kashe synchronous_commit yana iya sa a rasa cinikin ƙarshe-ƙarshe amma rumbun ba ya lalacewa, shi kuwa kashe fsync, saitin da ke tilasta rubutu ya sauka a faifai, yana iya wargaza rumbun ɗungurungum. Bambancin nan babba ne, kuma duk mai shagon da aka girka wa manhajar ciniki yana da haƙƙin ya tambayi wanda ya girka a kan me ya bar waɗannan saituna.

Me ake biya? Sauri. Tsohon faifai mai juyawa sau 7200 a minti yana zagaye 120 ne a sakan, don haka mai rubutu guda da ke jiran tabbaci kowane karo ba zai wuce kusan wannan adadi ba. Ga babban banki wannan ƙunci ne. Ga shagon magani ko ofishin makaranta ya yi yawa ma, babu dalilin sayar da amincin lissafi don saurin da ba a buƙata.

A nan akwai ruɗani guda da ya kamata a warware. Hanyoyin jera fayiloli a faifai, wato NTFS na Windows tun 1993 da ext4 na Linux tun 2008, suna da nasu littafin jeri, amma bisa saitin da suke zuwa da shi abin da suke karewa shi ne tsarin faifai: sunayen fayiloli, girmansu, inda suke. Suna hana faifai ya rikice bayan faɗuwa, ba su yi alkawarin dawo da sakin layin da ka buga sakan goma kafin faɗuwar ba. FAT32 da exFAT, waɗanda yawancin filas ke zuwa da su, ko wannan ba su da shi, don haka kada a yi aiki kai tsaye a kan filas. Mai aikin Word kuma ya sani adanawa ta atomatik tana zuwa ne a kan minti 10. Ya shiga saiti ya mayar da ita minti 1 ko 2.

To amma tsugune ba ta ƙare ba, domin faifan ma yana da tasa 'yar RAM a ciki. SSD, wato faifan zamani maras juyawa, kan tara rubutu a can, kuma a can take riƙe taswirar da ke nuna inda kowane bayani yake a cikin filas ɗinta, wato ma'ajiyarta da ke riƙe bayani ba wuta. Idan wuta ta yanke tana tsakar sabunta taswirar, ɓarnar na iya taɓa har tsofaffin fayilolin da ba a buɗe ba. A 2013 masu bincike daga Jami'ar Jihar Ohio da HP Labs sun gwada SSD 15 ta hanyar yanke musu wuta suna cikin aiki, 13 daga ciki suka nuna matsala iri-iri. SSD na yau sun fi na wancan lokaci, amma rarrabuwar na nan. Waɗanda aka ƙera don saba, wato babbar kwamfutar da wasu ke dogaro da ita, suna ɗauke da jerin kafasita, 'yan ma'ajiyar caji da ke ba su isasshiyar wuta su juye abin da ke ƙwaƙwalwarsu zuwa filas bayan yankewa. A takardarsu za ka ga an rubuta PLP, wato kariya daga ɗaukewar wuta. Na kasuwa, irin na laftof, akasari ba su da su. Ribar SSD mai kafasita biyu ce: ba ta lalacewa da yankewar wuta, kuma tana iya amsa “na karɓa” nan take ba tare da ƙarya ba, sai ga shi saurin da aka rasa wajen tilasta rubutu ya dawo. A ganina, ga injin da ke riƙe rumbun bayanai, wannan shi ne sayayyar da ta fi ba da riba bayan UPS. Katin RAID mai batir, wanda ke haɗa faifai da yawa su yi aiki tare, dabara ce iri ɗaya a tsofaffin sabobi, sai dai batirin kan riƙe na kwana biyu zuwa uku ne kawai, kuma yana tsufa. Wanda ya sayi saba ta hannu ya fara duba batirin. Sababbin katuna sun koma kafasita da filas.

Akwai wata tambaya da ta fi duk waɗannan zurfi: idan babbar manhaja ta durƙushe wuta na nan, me ya sa za a rasa abin da ke RAM tun farko? Ai caji bai tafi ba. Wannan ita ce tambayar da Peter Chen da abokan aikinsa a Jami'ar Michigan ta Amurka suka ɗauka, suka fitar da tsarin da suka kira Rio a 1996, a kan injinan DEC Alpha. Sun lura cewa bayanin yana salwanta ne ta hanya biyu: ko manhajar da ke magagin faɗuwa ta yi rubutu a inda bai kamata ba, ko kuma sake tashi ya share komai. Sai suka kulle sashen RAM da ke riƙe fayiloli ta yadda ba ya rubutuwa sai a ɗan lokacin da ake rubutu na halal, sannan suka sa injin in zai sake tashi ya fara kwashe abin da ke sashen ya mayar cikin fayiloli. Suka yi ta jefa kurakurai cikin manhajar da gangan suna kayar da ita suna dubawa. Sakamakon ya ba da mamaki: ko ba kulle, RAM ta kusa kai amincin tsarin da ke rubuta komai nan take zuwa faifai, da kulle kuwa ta zarce shi, kuma tana gudu ninki 4 zuwa 22 a kansa.

Ba za ka sami Rio a kasuwa ba, kuma Windows da Linux ba su ɗauke shi yadda yake ba. Abin da ya yi kama da shi a Linux shi ne kdump, inda wata zuciyar manhaja ta biyu ke tashi bayan faɗuwa ta kwashe tsohuwar RAM, amma don binciken dalilin faɗuwar ne, ba don ceto fayilolinka ba. Na kawo shi ne saboda yana taimakawa wajen auna kaya na gaba, wato RAM maras mantuwa. NVDIMM-N sanda ce ta RAM da aka liƙa wa filas da babbar kafasita, wuta na yankewa ta kwafe kanta. Optane na Intel, wanda ya fito a siffar sandar RAM a 2019, yana riƙe bayani ba wuta. Dukansu suna maganin ɗaukewar wuta, amma abin da aikin Rio ya nuna shi ne rashin mantuwa daban, tsira daga manhaja mai kuskure daban: direban da ya haukace zai iya rubuta shirme a RAM maras mantuwa, ita kuma ta riƙe shirmen da aminci. Suna buƙatar saba ta musamman da manhajar da aka rubuta dominsu, kuma Intel ya sanar da rufe harkar Optane a 2022. Ga mai ƙaramin ofis ba na ganin dalilin bin wannan hanya.

Saura cuta ta uku, wadda UPS da fsync da kafasita duk ba sa gani. A zaɓen Beljiyam na 2003, a gundumar Schaerbeek, na'ura ta ƙara wa wata 'yar takara ƙuri'u 4096. Wannan lamba daidai take da darajar ɗaya daga cikin bit ɗin da ke riƙe adadin, kuma masu bincike sun karkata ga cewa bit ne ya juye da kansa. An gano ne kawai don adadin ya wuce abin da zai yiwu. Da a littafin bashin shago ne, wa zai lura? Kuma ba abu ne mai wuyar aukuwa ba. Binciken da Bianca Schroeder ta Jami'ar Toronto ta yi da injiniyoyin Google, wanda ya fito a 2009 bayan bin sabobin kamfanin na shekara biyu da rabi, ya gano fiye da kashi 8 cikin ɗari na sandunan RAM suna samun kuskure a shekara, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na injinan abin yana shafa. Ya kuma nuna akasarin kurakuran na lalacewar kayan ne, masu maimaituwa a wuri guda, ba na tsautsayin lokaci ɗaya ba. Abin tsoro a nan shi ne duk matakan da muka lissafa a baya za su ɗauki gurɓataccen bayanin su rubuta shi a faifai cikin aminci, ya shiga kwafin ajiya, ya zauna.

RAM mai ECC, wato mai gyaran kuskure, ita ce maganin. A DDR4, kan kowane bit 64 na bayani tana ƙara 8 na tantancewa, bisa lissafin da ya samo asali daga aikin Richard Hamming na 1950. Tana gyara kuskuren bit ɗaya, tana gane na biyu ta tsayar da aiki maimakon ta wuce da ƙarya. Tana kuma rubuta rahoto, wanda ke ba ka damar canza sanda tun ba ta kayar da kai ba. Wahalarta ita ce sai furosesa da madabod (babban allon da ake dasa komai a kai) da sandar RAM ɗin duk sun yarda da ita. Intel ya daɗe yana keɓe ta ga furosesoshin Xeon da wasu 'yan ƙalilan, abin da Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, ya soka da kakkausar murya a farkon 2021. Daga ƙarni na 12 wasu furosesoshin Core suna karɓarta a madabod samfurin W680. Ryzen na AMD da yawa suna iya aiki da ita, amma ya danganta da madabod. Tarko biyu ne a kasuwa. Duk RAM nau'in DDR5 tana da wani ɗan gyara na cikin gida, kuma ana iya tallata maka ita da sunan ECC, alhali ba ta kare bayani a hanyarsa zuwa furosesa, ba ta kuma ba da rahoto. Sannan sandunan saba masu rajista, RDIMM, waɗanda ke da araha a kayan hannu, ba sa tashi a madabod ɗin kwamfutar gida. Hanya mafi sauƙi ga mai son ECC da kuɗi kaɗan ita ce tsohuwar Dell Precision ko HP Z mai Xeon, da sanin cewa ta fi cin wuta, don haka UPS ɗinta sai ya fi girma.

Wanda ba shi da ECC ba a bar shi hannu rabbana ba. Ya bar manhajar MemTest86 ta kwana tana gwada RAM ranar da aka sayi injin, da duk lokacin da ya fara faɗuwa ba dalili. Ya kashe XMP da duk wani saitin da ke tura RAM fiye da saurinta na asali. Bayan hunturu a buɗe a busa ƙura a sake zaunar da sandunan.

To wa zai sayi me? Mai shagon buga takardu ko ɗalibi mai rubuta kundi: laftof mai batir ko UPS mai wayar USB, a rage lokacin adanawa, a bar maganar ECC, abin da zai rasa aikin 'yan mintuna ne, kuma idonsa zai kama harafin da ya canza. Shagon magani, makaranta ko ƙaramin asibiti mai injin guda da kowa ke shigar da bayani a kai: a fara da duba saitin rumbun bayanai tunda kyauta ne, sai UPS mai rufe injin da kansa, sai SSD mai PLP, sannan ECC idan za a sayi sabon inji. Na sa ECC a ƙarshe ne don ɗaukewar wuta a wurinmu ta fi juyewar bit yawa ninkin-ba-ninki, ba don ba ta da muhimmanci ba. Amma inda kuɗin jama'a ke kwana, kamar ƙungiyar adashi mai rajista ko ƙaramin bankin al'umma, ba zan yarda da inji maras ECC ba ko da wasa, kuma zan ƙara inji na biyu da ke karɓar kwafin kowane ciniki kafin a amsa wa mai shi. Injin na biyun kada ya sha wuta daga UPS ɗaya da na farko, kada kuma a sabunta manhajarsu rana ɗaya, in ba haka ba abin da ya kayar da wannan shi zai kayar da wancan.

Duk abin da aka zaɓa, a gwada shi kafin a ɗora masa bayanan gaske. A shigar da cinikin gwaji, ana cikin shigarwa a zare filogin UPS daga bango, a zauna a ga ko injin zai rufe kansa kafin batir ya ƙare. Sannan a kunna, a sake shigar da wasu, a danne maɓallin wuta har injin ya mutu ba shiri. In ya tashi, a ƙirga: duk cinikin da allo ya nuna an karɓa dole a same shi a ciki. In ko ɗaya ya ɓace, to wani a tsakanin manhaja da faifai yana amsawa kafin ya rubuta, kuma saitin rumbun bayanai ne wurin da za a fara dubawa.